Ayis Kirim Ɗina Yana Fitowa Kamar Dutse, Ina Na Kuskure?

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai yara uku, kuma wata biyu ke nan ina ƙoƙarin haɗa musu ayis kirim a gida, domin ina son in san abin da yake shiga cikinsu. Tsarin haɗin da na samu ya ce a sa kirim, wato maiƙon da ake kwashewa daga saman madara, da sukari giram 150, sai na ga abin ya yi wa yara yawa. Na cire kirim ɗin gaba ɗaya, na yi amfani da lita ɗaya ta madarar da aka rage wa maiƙo, na kuma raba sukarin biyu. Nakan dafa, in juye a roba mai zurfi, in saka a firiza ya kwana. Sau shida ina gwadawa, kullum da tauri yake fitowa har cokali ba ya shiga, in ya ɗan saki kuma sai a riƙa jin ƙanƙara garas-garas a baki. 'Yata ta tsakiya madara tana ɓata mata ciki, shi ya sa na yi mata sorbe da ruwan kankana da sukari cokali biyu, shi ma ya zama dunƙulen ƙanƙara. Yaran sun daina ɗoki, maigidana kuma ya ce in haƙura in daina ɓarnar kaya. Abin ya dame ni ƙwarai, har na fara zargin ko hannuna ne ba shi da kyau. Shin in sayi injin haɗawa, ko in haƙura kamar yadda ya ce?

Daga wata uwar yara uku.

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin fara zargin hannunki. Ki cire wannan tunani daga zuciyarki, domin ko wadda ta shekara ashirin tana wannan aiki aka miƙa wa haɗin da kika yi, aka ce ta saka shi a firiza yadda kika saka, dutsen da kika samu shi za ta samu. Matsalar tana cikin haɗin tun kafin ya ji sanyi, kuma inji ba zai gyara ta ba. Saboda haka ki dakata da maganar saye tukuna, ki bari in bayyana miki abin da yake faruwa a cikin robar nan cikin dare.

Madara kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ce, wadda aka rage wa maiƙo kuma takan kai wajen kashi 90. Ɗabi'ar ruwa idan ya ji sanyi ita ce ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, waɗanda za su yi ta girma suna mannewa da juna har su zama dunƙule guda. Duk aikin mai haɗa ayis kirim, a masana'anta yake ko a ɗakin girkin gida, bai wuce hana waɗannan ƙwayoyi girma ba. Wanda ya fi kowane laushi ma cike yake da ƙanƙara, sai dai ƙwayoyinta sun yi ƙanƙanta har harshe ba ya iya tantance su. Da zarar girmansu ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, harshe zai fara jin su, kuma garas-garas ɗin da kika ambata ke nan. Abin da yake riƙe su kuwa shi ne sukari, da maiƙo, da iska, da saurin daskarewa ana motsawa. A haɗinki an raba sukari biyu, an kori maiƙo, robar kuma ta kwana ba wanda ya taɓa ta, don haka ruwan ya samu dare guda cur yana yin abin da ya ga dama.

Zan daɗe a kan sukari, domin nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya irin taki suke tuntuɓe. Muna ɗaukar sukari a matsayin abin zaƙi kawai, wanda za a iya ragewa ko ƙarawa yadda baki yake so, kuma a abubuwan sha hakan gaskiya ne. A cikin abin da za a daskarar kuwa yana da wani aiki na biyu wanda ya fi zaƙin muhimmanci. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili a ma'aunin Salsiyos, amma ruwan da sukari ya narke a cikinsa sai sanyi ya wuce haka, shi ya sa haɗin ayis kirim mai kyau ba ya fara daskarewa sai wajen digiri 2 zuwa 3 ƙasa da sifili. Sannan duk lokacin da wani ɓangare na ruwan ya zama ƙanƙara, sukarin ba ya bin sa, yana nan a cikin ragowar ruwan, wanda zai ƙara kauri da zaƙi, ya kuma ƙara wuyar daskarewa. Haka abin zai ci gaba har firiza ta kai iyakar sanyinta, wato wajen digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ko a nan akwai wani ruwa mai kauri da bai daskare ba yana kwance a tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara. Wannan ruwan shi ne yake ba cokali hanya. Ayis kirim yana bukatar sukari tsakanin kashi 14 da 18 cikin ɗari na nauyin haɗin gaba ɗaya, ke kuma giram 75 a cikin lita ɗaya ta madara bai wuce kashi 7 ba. Ruwan da zai rage bai daskare ba ya yi kaɗan ƙwarai, shi ya sa cokali ya rasa ta inda zai bi.

Maiƙon da yake cikin kirim kuma yana shiga tsakanin ƙwayoyin ƙanƙara ya raba su, ya lulluɓe harshe ta yadda ba za a ji kaifinsu ba, sannan idan ana kaɗawa shi ne yake kewaye kumfar iska ya riƙe ta kada ta fice. A Amurka doka ba ta yarda a kira abu ayis kirim ba sai maiƙon madara ya kai kashi 10 cikin ɗari a cikinsa. Cikakkiyar madara tana da kimanin kashi 3.5 ne kawai, kirim mai kauri kuma wajen kashi 35, don haka sai an haɗa su biyun ake kaiwa inda ake so. Shi ma yana da iyaka, domin idan ya wuce kashi 20 sai a riƙa jin maiƙo yana dafe a dasashi, in an kaɗa da yawa kuma ya fara fitar da gudajin man shanu.

Na san abin da ya sa kika rage waɗannan abubuwa, kuma damuwarki a kan lafiyar yara daidai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu a yini, babba ne ko yaro. Sai dai a nan an yi garin neman gira an rasa ido, tunda an kashe kaya sau shida, kuma ba wanda ya ji daɗin abin. Ra'ayina shi ne ki haɗa shi yadda ya kamata, ki rage yawan abin da kike zuba wa kowane yaro da yawan ranakun da ake sha. Dunƙule ɗaya mai nauyin giram 65 daga haɗin da zan ba ki yana ɗauke da sukarin da aka ƙara kimanin giram 10, wato ƙaramin cokali biyu da rabi, kuma wannan abu ne da uwa za ta iya lissafa shi ta daidaita da sauran abincin yini. Idan zaƙin ne ya yi miki yawa a baki, akwai dabara. Garin gulukos, wani nau'in sukari, bai kai sukarin da muka saba da shi zaƙi ba, amma ƙarfinsa wajen hana daskarewa ya kusa ninka nasa biyu, saboda ƙwayoyinsa sun fi ƙanƙanta, giram ɗaya nasa yana ɗauke da su da yawa. Za ki iya sa sukari giram 100 da gulukos giram 30 a madadin sukari giram 150, ki samu laushi iri ɗaya da zaƙi mai sauƙi. Ki sani dai gulukos yana saurin shiga jini, don haka wannan dabara ba ta mai ciwon sukari ba ce. Zuma ita ma tana tausasa haɗi sosai, amma tana da zaƙi da ƙamshi mai ƙarfi, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. Sinadaran zaƙi irin su sitibiya, waɗanda ɗan kaɗan ake ɗigawa, ba za su taimake ki ba ko kaɗan, domin zaƙi kawai suke bayarwa, ruwan kuma ya daskare kamar ba a sa masa kome ba.

Ga haɗin da nake son ki gwada, kuma ina roƙon ki auna kome da sikeli, ki bar ƙiyasi da ido a wannan karon. Ki samu cikakkiyar madara mililita 400, kirim mai kauri mililita 300, sukari giram 150, gwaiduwar ƙwai huɗu, ɗan gishiri da za ki ɗebo da yatsu biyu, da banila mai ƙara ƙamshi ƙaramin cokali ɗaya. Wannan zai ba ki maiƙon madara wajen kashi 13 da sukari wajen kashi 16. Ki ɗora madarar da rabin sukarin a wuta marar ƙarfi har ta yi zafi tana tururi, kada ta tafasa. A wani kwano ki buga gwaiduwar da ragowar sukarin har launinta ya yi haske, sannan ki riƙa zuba madarar mai zafi a kai kaɗan-kaɗan kina kaɗawa da maburgi, domin idan kika juye ta lokaci guda ƙwan zai dahu ya yi guda-guda. Ki mayar da duka cikin tukunya, ki ci gaba da juyawa da cokalin katako kina goge gindin tukunyar, har haɗin ya kai digiri 82 zuwa 84. Idan ba ki da ma'aunin zafi, ki ɗago cokalin ki ja layi da yatsa a bayansa. In layin ya tsaya bai haɗe ba, ya yi. Kada ki bari ya wuce nan, domin daga digiri 85 zuwa sama ƙwan yana fara yin guda-guda, haɗin ya tsinke. Wannan dahuwa tana da amfani biyu, domin ban da kaurin da take kawowa, zafin ya wuce digiri 71 da ake bukata don kashe ƙwayoyin cutar salmonela da kan iya kasancewa a ɗanyen ƙwai. Gwaiduwar kuma tana ɗauke da wani sinadari mai suna lesitin wanda yake sa ruwa da maiƙo su zauna lafiya tare. Idan ba kya son ƙwai, babban cokali biyu na sitacin masara da aka dama da madara mai sanyi zai iya tsayawa a madadinsa, amma shi sai an bar shi ya ɗan tafasa na minti ɗaya kafin ya yi kauri, ɗanyen ɗanɗanonsa ya fita.

Da kin sauke, ki tace da rariya mai laushi a kan kirim ɗin mai sanyi, ki zuba banila, ki dasa kwanon a cikin ruwan ƙanƙara kina juyawa har ya huce. Daga nan ki rufe ki saka a firij, ba firiza ba, ya yi aƙalla awa huɗu, in ya kwana ya fi. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don gaggawa, alhali a cikin waɗannan awoyi ne maiƙon yake yin tauri yadda zai iya riƙe iska, furotin ɗin madara kuma ya sha ruwa ya kumbura. Haɗin da ya shiga firiza yana da sanyin digiri 4 kuma ya fi wanda ya shiga da ɗumi saurin daskarewa nesa ba kusa ba, kuma na lura a wasiƙarki cewa daga tukunya kike juyewa a roba ki saka. Ki ɗanɗana kafin ki daskarar, kuma kada ki tsorata idan kin ji zaƙin ya ɗan zarce, domin sanyi yana dakushe harshe, abin da ya yi daidai da ɗumi zai zama salam idan ya daskare.

Yanzu sai daskarwar kanta. Roba mai zurfi ita ce mafi munin mazubi ga wannan aiki, saboda roba ba ta wuce da sanyi da sauri, zurfin kuma yana sa tsakiya ta ɗauki awoyi kafin ta kama, kuma a duk tsawon wannan lokaci ƙwayoyin ƙanƙara girma suke yi. Ki nemi tire na ƙarfe mai faɗi, ki saka shi a firiza tun da wuri ya yi sanyi, ki zuba haɗin kada zurfinsa ya wuce santimita uku. Bayan minti 40 za ki ga gefe ya fara kamawa, sai ki kankaro shi zuwa tsakiya, ki buga duka da ƙarfi da maburgi ko injin buga ƙwai, ki mayar da sauri. Ki maimaita haka duk bayan minti 30, sau huɗu ko biyar, har ya yi kaurin da ba zai ƙara buguwa ba. Kowane bugu yana farfasa ƙwayoyin da suka fara girma, yana kuma cusa iska. Idan ba ki da lokacin tsayuwa a kansa, ki zuba haɗin a farantin yin ƙanƙara mai gida-gida, ki bar shi ya daskare sarai, sannan ki juye dunƙulallun a injin markaɗe mai ƙarfi ki niƙa su na ɗan lokaci har su yi sumul, ki mayar firiza awa biyu. Ni wannan hanya ta biyu ta fi kwanta mini a rai ga uwa mai hidima, kuma laushin da take bayarwa yana kusa da na inji.

Akwai kuma tsohuwar hanyar da aka yi amfani da ita tun kafin a san firiza, wadda yaranki za su ji daɗin taya ki, wato ƙanƙara da gishiri. Idan aka barbaɗa gishiri a kan fasasshiyar ƙanƙara, yana tilasta mata narkewa, narkewar kuma tana zuƙe zafi daga duk abin da yake kusa, har sanyin ruwan gishirin yakan iya sauka zuwa digiri 21 ƙasa da sifili. A kan wannan hikima ce wata mata mai suna Nancy Johnson ta birnin Filadalfiya ta yi rajistar injin juyawa da hannu a 1843, wanda bokiti ne mai ƙanƙara da gishiri, da gwangwani a tsakiya mai filafilai suna kankare jikinsa. A gida za ki iya zuba kofi ɗaya na haɗin a leda mai ƙarfi ki ɗaure ta tam, ki saka ta cikin babbar leda mai ƙanƙara kofi huɗu da gishiri rabin kofi, a naɗe da tawul domin sanyin yana iya cutar da hannu, a yi ta girgizawa na minti goma zuwa sha biyar. Ki wanke jikin ƙaramar ledar da ruwan sanyi kafin ki buɗe, kada gishiri ya shiga.

Hanya mafi sauƙi duka ita ce a buga kirim mai sanyi mililita 500 har ya tashi ya tsaya, a juya shi a hankali cikin gwangwani ɗaya na madara mai kauri da zaƙi, mai nauyin kusan giram 400, a daskarar ba tare da motsawa ba. Tana aiki domin an riga an ƙone mafi yawan ruwan madarar, iskar kuma ta shiga tun wajen bugu. Na ambace ta don ki sani, amma maiƙonta da sukarinta sun wuce na haɗin farko sosai, don haka ba na jin za ta dace da abin da kike nema.

Inji kuwa aikinsa ɗaya ne, wato ya daskarar da sauri yana kankarewa yana juyawa, cikin minti 20 zuwa 30. Yana rage wahala, amma haɗin da aka zuba masa shi zai mayar. Idan kin yi wata uku kina haɗawa da hannu, iyalinki kuma suna nema, to sayensa ya cancanta. Ki dai sani cewa irin mai kwanon da ake daskararwa yana bukatar kwanon ya yi awa 24 a firiza kafin kowane amfani, in kin girgiza shi kin ji motsin ruwa a jikinsa to bai shirya ba.

Sai batun 'yarki, wanda a wurina ya fi sauran muhimmanci, domin yarinyar da take kallon 'yan uwanta suna shan abin da aka hana ta tana bukatar nata ya zama mai daɗi, kada ta ɗauke shi a matsayin abin lallashi. Sorbe ruwan 'ya'yan itace ne da sukari kawai, ba madara ba ƙwai. Sunan ya samo asali daga kalmar Larabci ta shan abu, ya bi ta Turkanci ya shiga Italiyanci, kuma a birnin Napoli an riga an rubuta yadda ake haɗa shi tun a ƙarshen ƙarni na 17. Tunda ba shi da maiƙon da zai taimaka, nauyin duka yana kan sukari, shi ya sa yake bukatar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a haɗe da wanda yake cikin 'ya'yan itacen tun asali. Kankana ta fi kashi 90 ruwa, sukarinta kuma wajen kashi 6 ne zuwa 8, don haka cokali biyun da kika ƙara bai kai haɗin ko kusa da abin da ake bukata ba. Kin fara da ɗaya daga cikin mafi wuyar 'ya'yan itace ba tare da kin sani ba. Kankana da lemo ruwa ne tsululu, ba su da abin da zai ba su jiki, kilo ɗaya na ruwansu kan nemi sukari giram 250 zuwa 300. Mangwaro kuwa, da sauran masu nama kamarsa, suna da zare mai laushi da wani sinadari mai suna fektin wanda yake kama ruwa ya riƙe, sannan mangwaro nunanne yana da nasa sukarin wajen kashi 14. Shi ya sa nake ba ki shawarar ki fara da shi. Ki markaɗa naman mangwaro kilo ɗaya, ki tace idan yana da zare, ki zuba sukari giram 200, ruwan lemon tsami babban cokali biyu da ɗan gishiri, ki sake markaɗawa har sukarin ya narke sarai. Lemon tsamin yana da muhimmanci, domin shi ne yake karya zaƙin, ya fito da ƙamshin ɗan itacen, in babu shi sai abin ya gundure baki. Ki sanyaya a firij, ki daskarar ta kowace hanya daga cikin waɗanda na ambata.

Da yake zaƙin 'ya'yan itace yana bambanta daga wannan zuwa wancan, masu haɗa sorbe suna da wani tsohon gwaji. Ana wanke ɗanyen ƙwai da ɓawonsa sosai da sabulu, a tsane shi, a saka a cikin haɗin da aka tace. Idan ya nutse, sukari ya yi kaɗan. Idan ya taso har abin da ya bayyana a sama ya kai faɗin santimita biyu zuwa biyu da rabi, ya yi daidai, in kuma ya fi haka fitowa sai a ƙara ruwa. Gwajin ya fi aiki a ruwa marar kauri irin na kankana da lemo, domin markaɗe mai kauri yana iya riƙe ƙwan ko da sukarin bai kai ba.

Idan wata rana kika so sa 'ya'yan itace a cikin ayis kirim na sauran yaran, kada ki yanka su ɗanye ki zuba, domin ruwan cikinsu zai daskare su zama tsakuwa. Ki dafa su da ɗan sukari tukuna, ko ki jiƙa su a cikinsa na awa ɗaya. Ɗanyar abarba da gwanda da kiwi kuma suna da sinadaran da suke farfasa furotin ɗin madara su bar ɗaci, sai an dafa su wannan ƙarfi yake mutuwa.

Ina kuma so ki kai yarinyar nan wurin likita idan ba ki riga kin kai ta ba, domin ɓacin ciki bayan shan madara iri biyu ne, kuma bambancinsu babba ne. Akwai wanda cikinsa ba ya iya narkar da laktos, wato sukarin da yake cikin madara, alamunsa su ne kumburin ciki, iska da gudawa. Irin wannan akwai madarar da aka riga aka farfasa wa laktos ɗin, kuma za a iya yin ayis kirim da ita, har yakan fi laushi kaɗan. Akwai kuma wanda jikinsa yake faɗa da furotin ɗin madarar kanta, wanda kan zo da ƙuraje, amai, kumburin leɓe ko wahalar numfashi, kuma wannan yana iya zama haɗari ga rai. A wannan hali madara marar laktos ba ta da wani amfani, kuma ko maburgin da ya taɓa madara sai an wanke shi tas kafin ya shiga haɗinta. Kafin ki san wanne ne, ki tsaya a kan sorbe, ki riƙa fara haɗa nata da kayan aiki masu tsabta kafin na sauran. Idan tana sha'awar abu mai maiƙo irin na 'yan uwanta, madarar kwakwa mai kauri tana iya tsayawa a madadin kirim.

Wajen ajiya, ki sani cewa na gida ba shi da sinadaran da masana'antu suke sawa don riƙe ruwa, saboda haka kwanakinsa na daɗi ba su wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. Duk lokacin da ya ɗan yi ɗumi ya sake daskarewa, ƙananan ƙwayoyi suna narkewa, ruwansu ya koma jikin manya su ƙara girma. Ki zuba shi a ƙananan mazubai, ki manna takardar gasa burodi ko leda mai tsabta a fuskarsa kafin ki rufe, ki ajiye a can ƙuryar firiza nesa da ƙofa. Kafin a sha ki mayar da shi firij na minti goma zuwa sha biyar, domin ya fi daɗin ɗiba a wajen digiri 12 zuwa 14 ƙasa da sifili. Idan kuma ya narke gaba ɗaya ya yi sama da awa biyu a ɗumi, ki zubar kada ki sake daskarar da shi, domin sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar da su kawai yake yi.

Maganar maigidanki kuma, yana da gaskiya a kan cewa an yi asarar kaya, don haka kada ki ja da shi a wannan. Ki gaya masa kin gano inda kuskuren yake, ki nemi ya ba ki dama ki gwada sau ɗaya da rabin awo. Ki fara da sorben mangwaro na 'yarki, nama giram 500 da sukari giram 100, tunda shi ne mafi ƙarancin kaya da wuyar lalacewa, ki kuma rubuta abin da kika auna a takarda. Idan ya fito da tauri, ki bar shi ya narke a cikin firij, ki ƙara sukari giram 20 ki sake daskararwa a ranar. Idan kuma ya ƙi kamawa ya tsaya ruwa-ruwa, sukarin ne ya yi yawa, sai ki ƙara markaɗen mangwaro kaɗan ki sake saka shi.